Gajeriyar hanyar tafiya a bakin teku: yaushe za mu je, kuma me za mu kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wani wurin shaƙatawa a bakin teku da nake so in kai iyali. A cikinsa akwai hanyar tafiya a ƙasa wadda ke bin gaɓa, an ce ba ta kai kilomita 3 ba, kuma an sa ta cikin masu sauƙi. Zan tafi da mahaifiyata, wadda gwiwa ke damunta, da yara biyu. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Akwai shirin da ya kamata mu yi, ko dai mu kama hanya kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya raya yara.

Ku je, kada ka fasa, irin wannan hanya dama don irinku aka yi ta. Amma kafin ka sa rana, nemo jadawalin cikar teku da janyewarsa na wannan wurin, shi zai zaɓa muku awar fita. Na daɗe ina aikin kula da masu ziyara a irin waɗannan hanyoyi, kuma da wuya ka ga wanda gajiya ta kayar. Waɗanda muke zuwa ɗaukowa, akasarinsu sun sauka ne daga kan hanya zuwa rairayi ko duwatsu a daidai lokacin da ruwa ke dawowa.

Masu kula da wuri in za su sa hanya a ajin masu sauƙi, tsawonta suke dubawa, da yawan hawa da gangara, da irin abin da ƙafa za ta taka. Halin teku a ranar da za ka zo ba ya cikin lissafinsu, wannan kai aka bar wa.

Wata ne ke jan ruwan teku, rana na taya shi. A yawancin gaɓoɓin duniya teku kan cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da cika akwai kusan awa 12 da minti 25. Wannan ƙarin minti 50 shi ke ruɗa mutane. In yau ruwa ya gama janyewa da ƙarfe 10 na safe, gobe sai wajen 11 saura, bayan mako ɗaya kuwa a wannan ƙarfe 10 ɗin teku yana cike. Saboda haka in wani ya ce maka ya je da safe ya tarar da fili fetal, maganarsa gaskiya ce, amma ta ranar da ya je ce. Akwai kuma wuraren da sau ɗaya kawai teku ke cika a yini, irin wasu sassan Tekun Meziko, shi ya sa nake cewa jadawalin wurin da kansa za ka nema, ba na wani gari mai nisa ba. Ana samunsa a intanet kyauta, kuma galibi ana liƙa shi a allon sanarwa na ƙofar shiga.

Girman cikar ma yana bin kwanakin wata. A wajen tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya cika, rana da wata suna ja a layi ɗaya, sai ruwa ya hau sama sosai kuma ya janye nesa sosai. A wajen 7 ga wata da 22 ga wata, a lissafin watan Musulunci, bambancin kan ragu. Wuri da wuri kuma sun sha bamban ƙwarai. A yawancin Bahar Rum tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ba ta kai rabin mita ba, mutum zai wuni bai lura ba. A mashigin Fundy na Kanada tana kaiwa mita 16, tsayin bene mai hawa biyar.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne ruwa ba ya dawowa da gudu iri ɗaya. Matuƙan jiragen ruwa suna da wani tsohon lissafi: a raba tsayin da ruwa zai hau kashi 12. A awar farko yana hawa kashi 1, a ta biyu kashi 2, a ta uku 3, a ta huɗu 3, a ta biyar 2, a ta shida 1. Ka ga ke nan rabin cikar gaba ɗaya a cikin awa biyun tsakiya take zuwa. Mu ce tazarar wurin mita 6 ce. Awar farko rabin mita kawai zai ƙaru, kana zaune kana kallo ba ka ga wani canji ba, har ka saki jiki. A awa ta uku mita ɗaya da rabi zai hau. In gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, wadda ke gangara mita 1 a kowace mita 100, wannan na nufin ruwa ya cinye fili mita 150 a cikin awa guda. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to a nan kam ido ba ya sani, agogo ne ya sani.

Sannan ruwan ba daga gabanka kaɗai yake tahowa ba. Yakan bi kwazazzabai da ƙananan kwari ya zagayo, ya cika bayanka tukuna, kai kuwa kana kan tudun yashi kana kallon gaba. Ko kuma ya fara taɓa wani hancin dutse da kuka zagayo ta gindinsa lokacin shigowa, ya rufe muku hanyar komawa alhali inda kuke zaune busasshe ne. A watan Fabrairu na 2004 haka ta faru a mashigin Morecambe na Ingila, inda ruwa ya zagaye wasu 'yan ƙasar Sin masu tsintar katantanwar teku da dare, fiye da mutum 20 suka rasu.

To, dabarar ita ce in hanyar tana sauka rairayi ko tana bi ta gindin duwatsu, ku fara tafiya awa ɗaya zuwa biyu kafin ruwa ya gama janyewa. Kuna tafiya ruwa na ƙara ba ku fili, lokacin da zai juyo kun riga kun ga abin gani. Ka sa wa wayarka ƙararrawa a daidai lokacin juyawar ruwa, in ta kaɗa ku fara haramar hawowa. In kuwa hanyar duk a sama take, kan tudu, ba ta sauka ko'ina, to cikar teku ba za ta hana ku komai ba, hasali ma kallon raƙuman ruwa ya fi daɗi in ya cika.

Game da gwiwar Mama, kira ofishin wurin ko ka duba taswirarsu ka tambayi abin da allo ba ya faɗa. Kilomita 3 ɗin nan zagaye ne da zai dawo da ku inda kuka faro, ko zuwa ne kawai? Wasu alluna tsawon zuwa suke rubutawa, dawowa kuma ya ninka. Akwai matakala, kuma tana da abin dafawa? Hanya na iya zama shimfiɗe daga farko har ƙarshe sai dai tana da matakala doguwa guda ɗaya ta sauka bakin ruwa, kuma mai ciwon gwiwa saukowa ta fi ba shi wuya a kan hawa. Akwai benci a hanya? Banɗaki a ƙofa yake kaɗai? Tambayi kuma abin da aka shimfiɗa. Kwalta da dandaɓaɓɓiyar tsakuwa sun fi mata. Hanyar katako tana da daɗin bi, amma in ta jiƙe tana santsi, kuma bakin sandar dogarawa kan faɗa tsakanin katakai, sai a sa masa roba mai faɗi. Busasshen rairayi mai laushi shi ne mafi wahala, yana cin ƙarfin mutum ninki biyu ko fiye na tafiya a kan ƙasa mai tauri, don kowane taku ƙafa sai ta nutse ta zame baya. In ni ne, zan bar Mama ta ji daɗinta a kan benci mai kallon ruwa, da wani babba a tare da ita, in sauka da yara.

Lafiyayyen mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa a fili, wato kilomita 3 minti 40 ne. Ku da kuke da dattijuwa da yara da ba su taɓa ganin kaguwa ba, ware awa biyu. Da wannan awa biyun za ka yi lissafin ruwa, ba da minti 40 ba.

Takalmi ya zama mai rufe ƙafa, mai kama ƙasa, kambas ya wadatar. Silifas a kan jiƙaƙƙen dutse shi ke kawo mana yawancin masu targaɗe da yankan ƙafa. Ka lura da launin dutse kafin ka taka: inda ya yi kore da gansakuka, ko ya yi baƙi yana ƙyalli, santsinsa kamar an goga sabulu. Inda ka ga ƙananan ƙwanso farare sun manne masa yana da kaushi, ƙafa na kamawa, amma suna da kaifi, duk wanda ya faɗi a kai sai ya ga jini.

Bakin teku ya fi cikin gari iska da sanyi. Da hantsi ƙasa kan yi zafi fiye da ruwa, iskar da ke kanta ta tashi sama, iska mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta, shi ya sa safiya ta fi lafawa, la'asar ta fi kaɗawa. Ku riƙe riga mai kauri ko da gari ya yi zafi. Sutura mai faɗi da mayafi suna kama iska, a ɗaure su da kyau a wuraren da hanya ta matso bakin tudu, laima kuwa a bar ta a mota. In hanyar zuwa da dawowa ce kuma kuna da zaɓi, ku fara da fuskantar iska, ta turo ku a dawowa lokacin da ƙafa ta gaji. Wannan iskar ce kuma ke ɓoye zafin rana da ƙishirwa. Busasshen rairayi yana mayar da kusan kashi 15 cikin 100 na hasken nan mai ƙona fata, kumfar teku kusan kashi 25, kuma siririn gajimare ba ya tare shi. Baƙar fata ma tana ƙonewa, ido kuma ba ruwansa da launin fata. Hula mai baki, tabarau, man kariya daga rana, da ruwan sha ga kowa. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, wanda ya sha shi ƙishirwarsa ƙaruwa take yi, ka gaya wa yara tun a gida.

Yanzu raƙuman ruwa. Baƙo yakan tsaya ya kalli guda biyar ko shida, ya ga inda suke tsayawa, ya ɗauka iyakarsu ke nan. Raƙuman ruwa suna zuwa ne rukuni-rukuni, kuma wasu sun taso daga guguwar da aka yi dubban kilomitoci daga wurin, don haka sararin sama na iya zama tas, iska kwance, amma can sai wani babba ya zo ya wuce na gabansa da mita da yawa. A gaɓar jihohin Oregon da Kalifoniya na Amurka an san su sosai, har alluna ake kafawa a kansu. Kafin ku matsa kusa da ruwa, ku tsaya daga sama ku kalla na minti 15 zuwa 20. Alama mafi sauƙi: duk dutsen da ka gani a jiƙe alhali ba a yi ruwan sama ba, teku ya taɓa shi ba da daɗewa ba, kuma zai sake. Kada a juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto, mai ɗaukar ma idonsa na kan waya, babu mai kallon teku ke nan. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne, shi ya sa wanda bai wuce gwiwa ba yake kayar da ƙato, musamman lokacin da yake komawa yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa. Gungumen itace da ka gani kwance a rairayi, ruwa ne ya kawo shi, kuma ruwa kaɗan ya isa ya ɗaga shi ya mirgina a kan wanda ke zaune, kada yara su hau.

Na san tafiya ka ce za ku yi, ba wanka ba, amma yaro in ya ga ruwa sai ya nemi tsoma ƙafa. In akwai masu ceto da tutoci, a tsaya tsakanin tutocin. Wurin da ya fi yaudara shi ne inda ka ga raƙuman ruwa na fashewa dama da hagu, amma a tsakiya akwai wata 'yar hanya mai duhu da ta kwanta lumui. Nan ne ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa cikin teku, gudunsa na iya kaiwa mita biyu da rabi a daƙiƙa, ya fi ƙarfin gwanin ninƙaya. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya yi yawo a saman ruwa, ya ɗaga hannu, in ya iya ninƙaya ya yi gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga layin. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ruwan, ya jefa abin da ke yawo a ruwa ya kira taimako. Sau da yawa mai shiga ceto ne ke rasa ransa. Ka san lambar gaggawa ta ƙasar kafin ku fita: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 000 a Ostireliya. A gindin tudu sau da yawa babu sabis, saboda haka ka gaya wa wani inda za ku da lokacin da za ku dawo.

In hanyar ta bi ta kan gaɓa mai tsayi, shingen da aka sa a girmama shi, ko da igiya ce kawai. Ruwa yana cin gindin tudu daga ƙasa, ya bar saman yana lilo, ciyawa ta rufe shi, wanda ke tsaye a kai ba ya ganin babu komai a ƙarƙashinsa. A watan Janairu na 1990, a gaɓar Port Campbell ta Ostireliya, wata gadar dutse ta halitta da mutane ke takawa kullum ta rufta, mutum biyu da suka riga suka tsallaka suka maƙale a ɗaya ɓangaren sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko su. A watan Maris na 2017 wata shahararriyar tagar dutse ta halitta a tsibirin Gozo a Malta ta faɗa teku gaba ɗayanta a cikin guguwa. Zaftarewa ta fi yawa bayan ruwan sama mai ƙarfi. Gindin tudun ma haka yake, inuwarsa na kira, amma in ka ga sababbin ɓaraguzan dutse a ƙasa ka san daga ina suka fito.

Da yara, babba ɗaya ya riƙa tafiya ta ɓangaren ruwa, su ta ɓangaren tudu, a sa musu riga mai launi da ake hangowa daga nesa. In za su haƙa rami a yashi kada ya wuce gwiwar ƙaraminsu, ramin yashi yana ruftawa ba zato, kuma a cike shi kafin a tafi.

Kada duk wannan ya sa ka ɗauka wurin tsoro ne. In kun dace da janyewar ruwa, ku nemi 'yan kududdufan da ke saura a cikin duwatsu. Da farko za ka ga kamar babu komai, don inuwarka ta kori kowa. Ku tsuguna ta inda inuwa ba za ta faɗa ruwan ba, ku yi shiru minti biyu. Sai ka ga wata katantanwa ta fito da ƙafafu ta fara tafiya, wannan wata irin kaguwa ce marar ƙwanso mai tauri a bayanta, da ke arar gidan dodon koɗin da ya mutu, in ta girma ta sake wani. Sai ka ga abin da ka ɗauka tsakuwa ce ya wulƙa, ashe ƙaramin kifi ne mai launin yashi. Waɗancan masu kama da 'yar hula da suka manne a dutse, in ruwa ya rufe su sukan fita kiwon gansakuka, su dawo daidai tabon da suka tashi kafin ruwa ya janye, don bakin ƙwansonsu ya riga ya dace da wurin, ta haka suke riƙe danshi. Wanda ya ɓamɓare su da ƙarfi ya kashe su. Dutsen da yaro ya ɗaga ya mayar da shi yadda yake, a hankali, don abin da ke zaune a ƙarƙashi ba ya jure rana.

A kalla da ido, hannu a bar shi a aljihu. Akwai wata halitta mai ruwa-ruwa, marar ƙashi, mai dogayen zarurruka, da teku ke yasarwa a rairayi, harbinta na aiki ko bayan ta mutu. A gaɓoɓin Ostireliya da wasu sassan Asiya akwai wata ƙaramar halittar teku mai hannuwa takwas da zobba shuɗɗa a jiki, da wani dodon koɗi mai kyakkyawan ƙwanso mai tsini, dafinsu duka na iya kisa. Wurare da yawa kuma doka ta hana ɗaukar ƙwanso ko dutse, ka karanta allon ƙofa.

Inda aka shimfiɗa katako a kan tudun yashi, an yi ne don ciyawar da ke kai. Saiwarta ce ke riƙe da yashin, in ƙafa ta kashe ta iska ta buɗe gibi, tudun ya fara tafiya, shi kuwa tudun shi ke kare abin da ke bayansa daga teku. Wasu tsuntsayen gaɓa a kan tsakuwa suke saka ƙwai, ba sheƙa, ƙwan launin tsakuwar, za ka taka ba ka gani ba. In ka ga an kewaye wani fili da igiya ba ka ga dalili ba, galibi dalilin ke nan, ko kuma kunkurun teku ya binne ƙwai a wurin.

Abu biyu ne ke sa a bar wurin nan take. In an ji tsawa, a koma mota ko cikin gini, don a fili irin na gaɓa mutum ne abu mafi tsayi, kuma a jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe. In kuma ƙasa ta girgiza, ko ruwa ya janye cikin 'yan mintoci nesa da inda jadawali ya ce, har ƙasan teku ya bayyana, a hau tudu da gudu ba tare da tattara kaya ba. Haka teku ya yi a gaɓoɓi da dama ranar 26 ga Disamba 2004 kafin ambaliyar tsunami ta Tekun Indiya, mutane da yawa suka bi shi suna kallo.

Da kun dawo, a wanke takalma da ruwan famfo, haka sandar Mama in ta ƙarfe ce, da tayoyin keken jariri ko keken guragu in kun je da shi, don gishiri na sa tsatsa cikin 'yan kwanaki. Tabarau da gilashin waya a hure yashin tukuna kafin a goge, in ba haka ba sai ya kankare su. Wanda dutse ya yanka a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a cire duk ɓarɓashin ƙwanso, in ya fara kumbura ko ya yi ja yana zafi a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa a ruwan teku ya ji ciwon, musamman in mai ciwon suga ne ko ciwon hanta.